Daga Sokawe Zuwa Rijiya: Yadda Ake Gane Bututun Ƙazanta Ya Lalace A Gida, Da Abin Da Ya Kamata A Yi

A shekarar 2021, Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Nijeriya, NCDC, ta ƙididdige mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da cutar amai da gudawa, wato kwalara, kuma fiye da 3,600 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi yawan waɗanda suka kamu. Hanyar da cutar ke bi ba ɓoyayya ba ce: najasar mai ɗauke da ƙwayar cutar ce ke shiga ruwan sha ko abincin wani. Idan ana maganar wannan hanya, hankali yakan tafi kan masu bahaya a fili, waɗanda binciken gwamnatin tarayya da UNICEF na 2021 ya ƙiyasta sun kai miliyan 48. Sai dai akwai wata hanyar da ido ba ya gani, domin a ƙarƙashin siminti take, a gidajen da ke da ban-ɗaki na zamani da tayil mai sheƙi. Ita ce bututun ƙazanta da ya tsage, ko sokawen da ke yoyo, taku kaɗan daga rijiyar da iyali ke sha.

Kowane gida da tasa matatar

A manyan biranen ƙasashen da suka ci gaba, bututun kowane gida yana haɗewa da babban bututun hukuma da ke ƙarƙashin titi, shi kuma ya kai ƙazantar wata matata a bayan gari. A Nijeriya, irin wannan tsari mai girma yana wasu gundumomin birnin Abuja ne, inda ƙazantar ke tafiya matatar Wupa. A Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da Bauchi kuwa, kusan kowane gida shi ke ji da tasa ƙazantar a cikin filinsa, ko ta masai na gargajiya, ko ta sokawe. A daidai wannan fili ne kuma ake haƙa rijiya ko burtsatse, saboda ruwan famfo ba ya zuwa. Gida ɗaya ke nan yana zuba najasa a ƙasa, yana kuma ɗibar ruwan sha daga ƙasar. Abin da ke tsakanin biyun shi ne ingancin bututu da ginin rami da kuma tazara.

Tsarin da ya cika ƙa'ida yana da sassa huɗu. Na farko bututun roba mai faɗin inci huɗu da ke ɗaukar ƙazanta daga ban-ɗaki. Na biyu ƙananan akwatunan siminti masu murfi da masu gyaran famfo ke kira camba, waɗanda ake ginawa a duk inda bututu ya yi kwana ko ya haɗu da wani, domin a riƙa buɗewa ana dubawa. Na uku tanki mai ɗaki biyu, wanda aka yaɓe cikinsa da ƙasansa da siminti yadda ruwa ba zai ɓulle ba. A cikinsa ƙazanta mai nauyi ke kwantawa a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin halitta su riƙa narkar da ita. Na huɗu ramin tsotsewa, inda ruwan da ya fito daga tanki ke tsiyayewa a hankali, ƙasa tana tace shi. Akwai kuma siririn bututu da ke tashi sama da rufin gida domin fitar da iskar da ke taruwa.

A bakin jama'a duka wannan sokawe ake ce masa, kuma a gidaje da yawa rami ɗaya tak ake haƙawa, a jera bulo, a bar ƙasansa babu siminti domin kada ya cika da wuri. Wannan dabara tana rage kuɗin gini da na kwasa, amma ma'anarta ita ce ɗanyar najasa tana gangarawa kai tsaye zuwa ga ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ke lalata bututu

Yawancin ɓarnar tun ranar gini ake shuka ta. Ana sayen bututu mara kauri saboda araha, a binne shi kusa da saman ƙasa, a bi da shi ta inda mota ke tsayawa ko tifa ke juye yashi, sai nauyi ya danne shi ya tsage. Wani lokaci ba a shafa gam yadda ya kamata a mahaɗa, wani lokaci kuma ba a ba bututun gangare mai kyau. Idan gangaren ya yi kaɗan, ƙazanta ta kwanta a hanya. Idan ƙasar da aka shimfiɗa shi a kai ba a daddaɓe ta ba, damina ɗaya ko biyu za ta zauna, bututun ya lanƙwashe a tsakiya ko mahaɗa ta zame.

Saiwar bishiya ma babbar abokiyar gaba ce. Darbejiya da cediya da durumi da mangwaro suna miƙa saiwa su nemi danshi, kuma da sun sami ƙaramar kafa a mahaɗa sai su shiga, su yi kauri a ciki, su tare hanya, daga bisani su fasa bututun. A yankunan da ke da baƙar ƙasa mai laka, irin ta wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa, ƙasar tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma wannan motsi kaɗai ya isa ya raba mahaɗa ko ya tsaga bangon tanki.

Sai abin da mutanen gida ke jefawa da hannunsu: famfas ɗin jarirai, audugar mata, leda, tsumma, da man girki da ake juyewa a wurin wanke-wanke, wanda ke daskarewa a jikin bututu. Ambaliya kuma takan cika ramuka ta tumbatsa su a lokaci guda. Bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ya cuɗa masai da rijiyoyi, kuma a watan Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Alamomin da bai kamata a raina ba

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Bututun da ya lalace yakan daɗe yana ba da sanarwa kafin ƙazanta ta fito fili.

Alama ta farko ita ce jinkirin tafiyar ruwa. Idan wuri ɗaya ne ke jinkiri, misali wurin wanke hannu, toshiyar tana kusa da shi kuma ƙarama ce. Idan kuwa ban-ɗakuna biyu ko uku suka fara jinkiri tare, ko aka kora ruwa a wani ban-ɗakin ya taso ta maguɗin wanka na wani, to matsalar tana babban bututu ko tanki. Haka nan ƙarar ɓulɓul da ke fitowa daga tukunyar bahaya bayan an kora ruwa tana nuna iska ta rasa mafita.

Ta biyu wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. A nan akwai buƙatar bambancewa. Ruwan da ke tsayawa a gindin tukunyar bahaya da cikin lanƙwasar bututun wanka shi ne ke tare wari. Ban-ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, musamman a lokacin zafi, wannan ruwa yakan ƙafe, kuma bokiti ɗaya ya isa ya magance shi. Amma warin da ba ya gushewa, ko wanda ke tashi daga tsakar gida ko gindin katanga, alamar tsagewa ce.

Ta uku danshi inda bai kamata a gan shi ba. Wuri ɗaya a tsakar gida da ba ya bushewa a watan Maris, ciyawa kore shar a kan layin da bututu ya bi alhali ko'ina ya bushe, gansakuka a gindin bango, fenti yana ɓarewa daga ƙasa, duk suna nuna ruwa na fita a ƙarƙashi. Idan abin ya daɗe, ruwan yakan wanke ƙasar da ke riƙe da daɓe, sai a ga siminti ya lotsa, tayil ya tsage, har bango ya fara darewa. A wannan mataki maganar ta wuce ta wari, ta koma ta tubalin ginin kansa.

Ta huɗu yawaitar ɓeraye da kyankyasai da ƙananan ƙudaje a ban-ɗaki, domin kafar da ruwa ke fita ta nan su ma suke shigowa.

Ta biyar, wadda ta fi kowacce haɗari, ita ce sauyi a ruwan rijiya: ya yi gurɓi bayan ruwan sama, ya sauya ɗanɗano ko ƙamshi, ko ya riƙa kumfa. Idan yara a gida ɗaya ko layi ɗaya suna yawan gudawa da zazzaɓin taifot, an yi magani ya dawo, ya kamata a tuhumi ruwan. Sai dai ruwa yana iya zama garau, babu wari babu launi, alhali cike yake da ƙwayoyin cuta.

Akwai kuma alamar da mutane ke ɗauka a matsayin sa'a. Magidanci yakan yi alfahari cewa sokawensa ya shekara goma sha biyar bai taɓa cika ba. Tanki mai lafiya kullum ruwansa yana daidai bakin bututun fita, kuma laka tana taruwa a ƙasansa har sai an kwashe, galibi duk shekara uku zuwa biyar gwargwadon girmansa da yawan mutanen gida. Wanda bai taɓa neman kwasa ba, abin da ake zubawa cikinsa wani wuri yake tafiya.

Yadda za a gano inda matsalar take

Kafin a fasa daɓe, akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin kuɗi. A sa safar hannu, a buɗe murafen camba tun daga na kusa da ban-ɗaki har zuwa na kusa da tanki. Mutum ɗaya ya juye bokitin ruwa a ban-ɗaki, wani ya tsaya yana kallo. Idan ruwan ya wuce kowace camba da ƙarfinsa, bututun lafiya lau. Idan camba ta sama ta cika ta ƙasa kuma babu komai, toshiyar tana tsakaninsu. Idan ruwa ya shiga da yawa ya fito kaɗan, ko ya fito da yashi da jar ƙasa ko gutsattsarin saiwa, bututun ya fashe a wannan tsakanin. Idan kuwa dukkan cambobin sun cika, tankin ne ya cika ko ramin tsotsewa ya daina sha.

Ana iya ƙara wa ruwan gwajin bula ta wanki ko kalar abinci domin a ga ko launin zai ɓullo a wurin danshin, ko a kwata, ko a gidan maƙwabci. Rashin ganin launi a rijiya ba hujja ba ce cewa ruwanta lafiya yake, domin ƙasa tana riƙe launi, kuma tafiyar ruwa a ƙarƙashinta kan ɗauki kwanaki. Abin da ke yanke hukunci shi ne gwajin ɗakin bincike. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya ta tanadi cewa kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa, kuma sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita. Ganin E. coli shaida ce cewa najasa ta kai ga ruwan. Ana iya neman irin wannan gwaji a hukumomin ruwa na jihohi da ɗakunan binciken jami'o'i.

Matakin gaggawa da gyara

Da zarar an yi zargin gurɓata, a daina shan ruwan rijiyar haka nan. A tafasa shi har ya yi ɓararraka na aƙalla minti ɗaya, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa umarnin da ke jikinsu, a jira rabin awa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire naitiret, wanda ke da haɗari ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida, don haka a nemo musu ruwa daga wani wuri idan za a dama musu madara. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ko na leda, ko a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, sannan a garzaya asibiti. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awanni saboda ƙarewar ruwan jiki.

A rage amfani da ruwa a ban-ɗakin da abin ya shafa, a hana yara da dabbobi zuwa wurin da ƙazanta ta malala, a wanke daɓen da bilic da aka sirka.

Toshiya ta yau da kullum ana buɗe ta da sandunan zurawa daga camba. Zuba asid ko kalanzir ko baƙin mai ba ya ɗinke bututun da ya fashe. Abin da yake yi shi ne kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a tanki, sannan shi ma ya bi ƙasa ya tarar da rijiya.

Bututun da ya fashe kuwa tono shi ake yi, a yanke ɓangaren da ya lalace, a sa sabo mai kauri da soket da gam. Naɗe shi da leda da robar tayar babur a yaɓa siminti gyaran ganin ido ne, kuma damina mai zuwa za ta tona shi. A shimfiɗa yashi a ƙarƙashinsa, a ba shi gangaren da ya kai kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita, a zuba kankare a kansa idan ta hanyar mota ya bi. Kada mai gida ya yarda a mayar da ƙasa sai an kora ruwa a gabansa ya ga babu ɗigo. Bututun ruwan sha kuma kada ya kwanta rami ɗaya da na ƙazanta, kada kuma ya ratsa ta cikin kwata, domin duk lokacin da aka ɗauke ruwa, bututun da babu komai a cikinsa yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace kafa.

Gargaɗi mafi girma shi ne kada kowa ya shiga sokawe, ko don gyara, ko don ɗauko wayar da ta faɗa. Iskar da ke ciki tana ɗauke da gubar da ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami, kuma idan ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, mutum ya faɗi sumamme cikin daƙiƙoƙi. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ne gawa ta biyu. Akwai kuma iskar gas mai kama wuta, don haka babu ashana, babu sigari, babu kyandir a bakin ramin. Idan wani ya faɗa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Kwasa aikin motar zuƙa ce, ko masu sana'ar da a Kano ake yi wa laƙabi da gidan kowa da akwai, kuma haƙƙin mai gida ne ya tambayi inda za a kai abin da aka kwasa. Idan a kwatar unguwa ko bakin rafi za a juye, to an ɗauke cutar daga gida ɗaya ne an raba wa gari.

Inda ƙoƙarin mai gida ke ƙarewa

Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da su, sun nemi a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bahaya da inda ake ɗibar ruwan ƙasa, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan. Filin da ake kira hamsin da ɗari tsawonsa duka kimanin mita 30 ne, faɗinsa 15. A unguwannin awon igiya kuwa ana yanka shi biyu ko huɗu. Magidanci na iya kai rijiyarsa ƙarshen gida domin ya nisanta ta da sokawensa, sai ya tarar ya jingina ta da sokawen maƙwabci, katanga ce kawai tsakani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba.

Ɗan haya ma yana cikin tsaka mai wuya. Shi ke shaƙar warin, 'ya'yansa ke shan ruwan, amma ba shi da ikon fasa daɓe, kuma yana tsoron takardar tashi. Abin da ya fi masa shi ne ya ɗauki hoto da kwanan wata, ya sanar da mai gida ko wakilinsa a rubuce, ya haɗa kai da sauran 'yan haya, idan aka yi biris ya kai ƙara sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, wato ofishin duba-gari, ta hannun mai unguwa ko kai tsaye.

Wannan ofishi ba alfarma yake yi ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa samar da makewayin jama'a da kula da zubar da najasa da shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A watan Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta, a 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin zartarwa mai lamba 009 da nufin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cimma wannan buri a 2022. Amma gina ban-ɗaki rabin aiki ne matuƙar babu mai bin diddigin inda abin da aka zuba cikinsa ke ƙarewa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, matasa na da tambayoyin da suka cancanci amsa daga kansila da shugaban ƙaramar hukuma: duba-gari nawa ne ke aiki, yaushe suka shiga unguwa na ƙarshe, ina aka keɓe wa motocin zuƙa su riƙa juyewa, kuma nawa aka ware wa wannan a kasafin bana? Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano su ma suna da tasu tambayar: idan an amince da taswirar gini, wa ke komawa ya auna tazarar rijiya da rami?

Birnin Landan ya taɓa zama a wannan hali. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano yawancinsu daga famfon tuƙa-tuƙa ɗaya suke sha a titin Broad, ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Binciken da ya biyo baya ya gano wani tsohon ramin bahaya mai yoyo kusan mita ɗaya daga rijiyar, inda aka zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa. Rami ɗaya na gida ɗaya ne ya jawo wa unguwa wannan asara. Abin da ya raba birnin da cutar shi ne manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranci ginawa bayan warin kogin Tems ya addabi majalisar dokoki a 1858, kuma daga annobar 1866 kwalara ba ta sake yi wa Landan irin wannan ɓarna ba.

Kafin biranen Arewa su sami irin wannan aiki, kariyar da ke hannun kowane gida ita ce a buɗe camba a duba kafin faɗuwar damina, a kwashe tanki kan lokaci, a gwada ruwan rijiya aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma idan an ga danshi a gindin katangar da ke tsakanin gida biyu, a ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa tun kafin a haɗu da shi a layin asibiti.